Tarihin Baba da za a karanta a coci: in sa maganar yaƙi ko in bari?

'YarKafinta:

Salama gare ku 'yan'uwa. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo don kaina ba daidai yake ba kwanakin nan.

Babanmu ya huta ranar Laraba da asuba, shekararsa 79 a takarda, amma Mama ta ce ya fi haka, don lokacin da ya je shiga soja kallonsa kawai aka yi aka rubuta. Jana'iza sai Asabar ta sama saboda muna jiran ƙaninmu da ke Fatakwal. To da aka yi zaman iyali sai aka ɗora min rubuta tarihinsa, wanda za a buga a furogiram a kuma karanta a majami'a, wai ni ce malamar makaranta. Yau kwana uku ina riƙe da biro, abin da na rubuta bai wuce layi shida ba.

Ga abin da na sani. An haife shi a wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, gidan Maguzawa ne, kakanmu har ya mutu bai bar tsafinsa ba. Baba ya karɓi bishara yana saurayi ta hannun wani mai bishara da ke zuwa ƙauyen a kan keke, a wurinsa ya koyi karatu, da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya koyi haɗa baƙi. A 1967 ya shiga soja a Zariya, lokacin yaƙin basasa ya riga ya ɓarke. Da shi aka yi har ƙarshe, ya dawo da igiyar kofur da tabon harsashi a cinyar hagu, shi ya sa in sanyi ya shigo yake ɗan ɗingishi. Da ya ajiye kaki ya koyi kafinta a Sabon Garin Zariya, kuma bai bar shago ba sai da idonsa ya daina ganin layin fensir a jikin katako. Dattijo ne a ekklisiyarmu ta ECWA sama da shekara ashirin. Mu bakwai ya haifa, shida muna raye, jikoki 19.

Inda gizo ke saƙar shi ne, Yayanmu babba ya dage sai a sa hoton Baba na kaki a bangon furogiram, a rubuta Kofur mai ritaya da manyan baƙaƙe, a gayyato 'yan mazan jiya su zo da tuta da begila, kuma ni in cika tarihin da maganar jarumtaka. Mama ba ta ce komai ba a zaman amma ni na ga fuskarta. Don gaskiya Baba ba ya son maganar nan sam. In yaran unguwa suka ce masa Baba Soja sai ya ce sojan ya mutu tuntuni, kafinta ne ya rage. Ina aji uku a sakandare aka ba mu aikin gida a kan yaƙin basasa, na same shi a shago yana goge falanki na ce Baba ai kai ka je, ba ni labari. Ya tsayar da hannu, ya daɗe yana kallon katakon, can ya ce je ki ɗebo min ruwa. Da na dawo sai ya hau tambayata kuɗin makaranta. Daga ranar ban sake ba.

Abu ɗaya dai, duk 15 ga Janairu ba ya buɗe shago ko aikin nawa ne ke jiransa, ba ya cin komai, zai ɗau mabuɗin coci ya je ya zauna shi kaɗai sai yamma. Ba ya zuwa fareti, ba ya saka lambarsa.

To ni yanzu ya zan yi? In na cire yaƙin kamar na yanke wani sashe na rayuwarsa ne, in na sa yadda Yaya ke so kuma ji nake kamar na yi masa abin da ba zai yarda da shi ba da yana numfashi. Wanda ya taɓa rubuta irin wannan ya taimaka min.

MamanBiyu:

Ayya sannu 'yar'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya ba Mama ƙarfin zuciya. Baba ya yi shekaru masu albarka, ya ga jikoki.

Ni dai shawarata gajeriya ce, ki bar Yaya tukuna ki je ki samu Mama ku biyu kawai da daddare in masu gaisuwa sun watse. Matar da ta yi shekara hamsin tana kwana ɗaki ɗaya da mutum tasan abin da ku ba ku sani ba, kuma shirun da tayi a zaman nan magana ce. Kar ki tambaye ta a gaban surukai ko dangin Baba don ba zata faɗa ba.

Magatakarda:

Ɗiyata sannu da rashi. Allah ya sa mu ma mu gama lafiya kamar yadda ya gama.

Na yi shekara goma sha ɗaya ina sakataren ekklisiya, tarihin mamata da na karanta a bagadi ban san adadinsu ba, kuma in faɗa miki gaskiya yawancinsu in kin cire sunan da ke sama za ki iya karanta wa kowa. Mutum ne mai haƙuri, mai son jama'a, bai taɓa faɗa da kowa ba, sai a rufe da 2 Timoti 4:7. Ayar ba ta da laifi, mu ne muka maishe ta kamar hatimi. Jama'a na fifita da furogiram suna jira a gama. Amma ranar da wani yaro ya tashi ya ce babansa ne ya haƙa rijiyar da ke bayan cocin nan, da ya kai gaba goma sha biyu igiya ta tsinke da shi, wallahi majami'a tsit ta yi, don kowa ya sha ruwan rijiyar.

Saboda haka ki fara da kafintan. Ki shiga cocinku ki duba da idonki me ya fito daga hannunsa. Benci nawa? Shi ya yi mumbari? Teburin jibin Ubangiji fa, da akwatin baiko, da rufin? Ki nemi yaran da ya yaye a shago, su ne za su gaya miki halinsa na gaskiya, don mutum na iya ɓoye hali ranar Lahadi amma ba ya iya ɓoye wa yaron shagonsa. Ki tambaye su in kwastoma ya kawo katako ya ragu me yake yi da ragowar. In aka ba shi kuɗin madaci yana sa madacin ko yana sa farin katako ya shafe da fenti. Amsar da za su ba ki ita ce tarihin, kuma ba sai kin ce mai gaskiya ne ba, jama'a za su faɗa da kansu. Kar ki manta Ubangijinmu ma a Markus 6:3 masassaƙi mutanen garinsu suka kira shi, ba ƙaramar sana'a ba ce a wurinmu.

Maganar yaƙi kuma, ni ban goyi bayan a cire ba. Littafi bai ɓoye cewa Karniliyus soja ne ba, a Ayyukan Manzanni sura 10 da muƙaminsa da rundunarsa aka gabatar da shi, sannan aka ce mai tsoron Allah ne mai yawan sadaka. Amma ki karanta 1 Tarihi 22:8 ki gani, inda aka hana Dawuda gina Haikali saboda jinin da ya zubar a yaƙe-yaƙe. Tsofaffin sojojinmu da suka san Littafi sun san wannan ayar sarai, na zauna da wasunsu, tana damunsu fiye da yadda kuke zato. Mutumin da ya dawo daga fagen daga ya ƙare rayuwarsa yana yi wa ɗakin sujada benci, ni dai ina ganin akwai abin da yake faɗa da hannunsa. Ki rubuta shekarar shiga, shekarar fita, muƙami, rauni, sannan ki faɗi maganar 15 ga Janairun nan yadda kika faɗa mana, ba ƙari. Layi huɗu sun isa.

Sai ƙananan abubuwa. Ki nemo katin baftismarsa ki duba kwanan wata, kar ki dogara da ƙwaƙwalwar dangi. Ki lura da sunaye, mishan ɗin da ta kafa ekklisiyar sunanta SIM, ta iso ƙasar nan tun 1893, amma ekklisiyar ta zama ECWA a 1954, to in a farkon shekarun 1960 aka yi masa baftisma ECWA za ki rubuta, akwai tsoffin da za su tare ki a ƙofa a kan wannan. In kuma Littafinsa tsohuwar fassara ce ta 1932, wadda tsofaffinmu ba sa yarda su rabu da ita, ki ɗauko ayar da za ki sa daga cikinsa, ki duba inda ya fi ja wa layi. Kuma kar karatun ya wuce minti bakwai, ki gwada da agogo a gida, ki ba wani kwafi ya tsaya kusa da ke ko da murya za ta ƙi fita.

Dan_Bariki:

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri Anti.

Ni fa zan ɗan saɓa, ina bayan Yayanku ko da ba duka ba. A barikin Dalet na Kaduna aka haifeni, tsohona shi ma da shi aka yi yaƙin nan, kuma abin da ke ci min rai shine yadda mutanen nan ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya shiru kamar basu taɓa yin komai ba. Kafin yaƙi sojan Najeriya gaba ɗaya wajen dubu goma ne, kafin a gama sun kai wajen dubu 250, to daga ina kike zaton aka samo su? Irin su Baba ne, yaran ƙauye daga gona, a kawo su daffo a Zariya a yi musu horon makonni kaɗan a zuba a jirgin ƙasa sai kudu, wasu ko harbi basu gama iyawa ba. Da yawa basu dawo ba kuma ba wanda ya san inda kabarinsu yake. Waɗanda suka dawo kuma kin san wahalar da suka sha, tsohona da sandarsa na sha raka shi wani ofishi tantancewar fansho, mu kwana a kan kwali a bakin get, a ce a dawo wani watan. In mu 'ya'yansu bamu faɗa ba ranar binne su waye zai faɗa?

Kuma kunyar me za a ji? Ba shi ya haddasa yaƙin ba. Manya suka yi rigimarsu, Ojukwu ya ayyana Biyafara 30 ga Mayu 1967, aka fara harbi 6 ga Yuli a wajen Gakem, yaro ɗan shekara ashirin da ɗaya me ya sani.

Ga abin da zai taimake ki. Ki bincika akwatinsa, duk tsohon soja na da takardar sallama kuma basa wasa da ita, yawanci tana naɗe cikin leda a ƙasan akwatin ƙarfe. A ciki zaki ga lambarsa ta soja, ranar shiga, ranar fita, bataliyarsa da shaidar halinsa. Tunda ta Zariya ya shiga zai yiwu Runduna ta Ɗaya ce ta Muhammadu Shuwa, su suka shiga ta Nsukka suka kama Enugu 4 ga Oktoba 1967, daga baya Umuahia a watan Afrilun 1969. Amma kar ki rubuta sai kin gani a takarda, don wasu an tura su Runduna ta Biyu ta Murtala wasu kuma wajen Adekunle ta bakin ruwa. In takardar ta ɓata, ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa yana Lokoja, sai dai kafin Asabar ba zai yiwu ba, kuma ko don haƙƙin Mama zaku buƙaci lambar nan nan gaba.

15 ga Janairu kuma ai ranar da yaƙin ya ƙare kenan a 1970, ranar da Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya ga Gowon a barikin Dodan a Legas, shi yasa aka maida ranar tunawa da 'yan mazan jiya can, da 11 ga Nuwamba ake yi. Kinga Baba bai manta ba kenan, nashi faretin yake yi a coci.

Ku bar 'yan Lijiyon, wato ƙungiyar 'yan mazan jiya, su zo dan Allah. Tsofaffi ne, zasu goge takalmi su sa hula su tsaya a layi ƙafa na rawa su sara masa. Ba don ku bane kaɗai, suma suna duba yadda za a yi musu ne.

Dan_SabonGari:

Sannu da haƙuri 'yar'uwa. Ni Ibo ne, haihuwar Sabon Garin Kano, Kirista ɗan'uwanki. Ban so in sa baki ba amma maganar Dan_Bariki ta sa dole.

Ban ce babanki ya yi laifi ba, kuma na yarda yara ne aka kwasa. Amma kakata 'ya'ya uku ta binne a daji a 1968, ba harsashi ba, yunwa, ciki ya kumbura gashi ya yi ja. Da aka gama ta dawo, duk abin da kakana ya tara a banki fam 20 aka ba shi. To in na zo jana'iza a coci na ji ana kirarin an ci garin kaza an ci garin kaza, garin kazan nan garin wasu ne da ke zaune a bencin baya. A Zariya kuke, na tabbata akwai mutanenmu da za su zo. Ki faɗa ya je yaƙi, gaskiya ce. Kirarin ne dai nake roƙo a bari. Mai abin ma da kansa azumi yake yi ranar, bai yi rawa ba.

Dan_Bariki:

Ban ce a yi kirari ba ɗan'uwa, cewa nayi kar a shafe. Allah ya jiƙan na kakarka. Tsohona ma har ya rasu ba ya iya kallon yaro mai rama, tashi yake ya bar wurin.

JikanBoma:

Allah ya ba ku haƙuri baiwar Allah. Ni Musulmi ne daga Kano, na shigo ne don labarin babanki ya tuno min da kakana.

Shi yaƙin Boma ya je, wato Burma da yanzu ake ce wa Myanmar, lokacin yaƙin duniya na biyu. Yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, masu tambarin baƙin gizo-gizo a kafaɗa, har ya rasu tambarin na cikin wani gwangwanin taba tare da lambobinsa. A jirgin ruwa aka kwashe su daga Legas zuwa Bombay a 1943, daga nan sai dajin Kaladan, bai dawo gida ba sai 1946. Mutane na wuce barikin Chindit a Zariya ko Kalapanzin a Kaduna ko Arakan da Myohaung a Legas ba su san duk daga yaƙin can sunayen suka samo asali ba, inda kakanninmu suka yi ta fama da Japanawa da ruwan sama da matsattsaku.

Shi nawa kakan akasin babanki ne, bakinsa ba ya shiru. Kullum bayan la'asar a ƙofar gida yana kan keken ɗinkinsa, don tela ya zama, yana ba mu labarin yadda ake jefo musu abinci daga jirgin sama, da giwaye, da yadda ruwa ke yin wata guda bai ɗauke ba. Muna dariya muna cewa Malam ƙara mana. Sai da na girma kakarmu ta ce min duk wannan labarin na rana ne, na dare daban, ita ke tashi ta riƙe shi in ya fara ihu yana kiran sunan wani. Ashe mai yawan labarin da mai shirun duk abu ɗaya suke ɓoyewa.

Wanda yake kira ɗin ba mu taɓa sani ba. Amma akwai amininsa da suka dawo tare, wani Kirista mutumin Langtang, duk babbar Sallah sai ya hau mota ya zo, a ba shi cinya guda, su zauna a zaure su biyu su yi awa uku ba wanda ya ce uffan sai goro da suke ci. Mu yara muna leƙe muna mamakin wannan wace irin ziyara ce.

Abin da zan ce miki, mu kin san yadda muke, mutum ya rasu da safe kafin azahar an kai shi, ba a rubuta komai, sai addu'a. Yau in ɗana ya tambaye ni bataliyar kakana ban sani ba, gwangwanin ma ya ɓata a rabon gado. Ku kuna da wannan dama ta rubutu, ki yi biyu mana. Gajere na coci, da dogo na gida wanda za ki zauna da mahaifiyarku da tsofaffin abokansa ki kunna rikoda a waya, ko wata shida zai ɗauke ki. Na cocin ba zai iya ɗaukar komai ba, kuma ba kowane abu ne na lasifika ba.

'YarKafinta:

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya saka. Na karanta duka, na Dan_SabonGari sai da na ajiye waya na yi kuka.

MamanBiyu na bi shawararki. Shekaranjiya wajen sha ɗaya na dare na shiga ɗakin Mama na rufe ƙofa, ban ma gama tambaya ba ta ce in jawo akwatin kayan aikin Baba daga ƙarƙashin gado. Takardar sallamar na ciki kamar yadda Dan_Bariki ya ce, cikin leda, Runduna ta Ɗaya ce kuwa, ya fita 1974. Amma ba ita Mama ke so in gani ba. Wani tsohon filen ta ɗauko, na goge katako, mariƙinsa ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannu, an ƙona wasu haruffa biyu a gefe da ƙusa mai zafi, kuma ba na sunan Baba ba ne.

Muna yara akwai wani tsoho Ibo da muke kira Baba Oga, duk Kirsimeti Mama sai ta aike mu da shinkafa da kaza gidansa, mun san dai shi ya koya wa Baba aiki, iyakar saninmu ke nan. Ashe kafinta ne a Sabon Gari tun kafin rikicin 1966, ya gudu gida da iyalinsa, ya dawo bayan yaƙi daga shi sai zarto da wannan filen, 'ya'yansa biyu sun mutu a can. Baba yana kaki a lokacin ya kai masa gyaran kujera, ya ga mutum na aiki a gindin bishiya ba rumfa. Da ya karɓi kuɗin sallamarsa sai ya je ya kama shago ya ce Oga ya shiga, shi kuma a ɗauke shi yaron shago. Kofur guda da matar aure da 'ya'ya biyu, shekara uku yana share ƙaiƙayin katako yana miƙa guduma, abokansa na masa dariya. Mama ta ce sau ɗaya tak suka taɓa maganar yaƙi, suka gano a watan da aka shiga Umuahia dukansu suna yankin, ɗaya na shiga ɗaya na gudu da yara a kafaɗa. Ta ce ranar Baba bai ci tuwo ba. Washegari ya koma shago, ba su sake tayarwa ba har Oga ya rasu. Baba ne ya yi masa akwati da hannunsa, na madaci, kuma shi ya zauna a bayan mota tare da gawar har garinsu. Matar Oga ce ta ba shi filen ɗin.

Na ce Mama me ya sa ba ku taɓa faɗa mana ba, ta ce ya hana, wai ba abin faɗa ba ne bashi ne. Na ce to yanzu fa, ta yi shiru ta ce ki sa cewa Oga ne ya koya masa kuma shi ya kai shi gida, sauran ki bar wa jikoki a na gidan.

Baba Magatakarda, jiya na je coci na ƙirga. Benci 46, mumbari, teburi, ƙofofi uku. Na leƙa ƙarƙashin wani benci don in ga ko ya sa suna, ba suna, sai lissafin awo da fensir da shekarar da ya yi shi, 1988, da irin bakwai ɗinsa mai sanda a tsakiya. Yaransa na shago kuma su tara suka zo, uku Musulmi ne, ɗaya ya ce min makarar masallacin layinsu ma Baba ne ya yi bai karɓi ko kwabo ba, da allunan makarantar allo. Na tambaye su maganar ragowar katako, suka kwashe da dariya a gidan makoki, wai har guntun da bai kai tafin hannu ba sai ya ɗaure da igiya ya ba yaro ya bi kwastoma da shi. Sun hana mu sayen akwati, su za su yi, tun jiya suna shago.

Da Yaya kuma mun zauna, na nuna masa filen ɗin. Bai ce na yi daidai ba, kun san manyan yayye, ya dai ce a sa hoton shago a bango, wanda Baba ke da fensir a bayan kunne, na kakin ya koma shafi na biyu. 'Yan mazan jiya za su zo su tsaya a bakin kabari su sara masa, begila kuma Mama ta ce sau ɗaya, bayan Zumuntar Mata sun gama waƙarsu. Ɗan Baba Oga na ƙarshe yana Kaduna, mun same shi a waya, ya ce da asuba zai taso.

Na gwada karatun da agogo, minti tara ne, kuma na rasa abin da zan cire. Sannan hoton shagon ya ɗan ci ruwa ta gefe ɗaya, in akwai wanda ya san mai gyaran tsohon hoto a Zariya ko Kaduna da zai iya gamawa kafin Alhamis ya taimaka ya turo min saƙo, don ranar mai buga furogiram ya ce a kai masa komai.

Magatakarda:

Bar shi a taran ɗiyata, ni zan ɗau laifin. Ki dai cire jerin sunayen jikoki daga karatun, suna cikin furogiram ai, kowa zai gani. Kuma ki tafi da filen ɗin coci ranar.